Tagar Gidan Mai Gilashi

"Ka cire kusoshin nan, Bassam, ko in tafi gidanmu."

Lamis ce ta faɗa da dusasshiyar murya, tana tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu. Jakar ba yau aka haɗa ta ba. Tun ranar da aka kawo ta gidan a matsayin amarya take rataye a bayan ƙofa, da takardu da magani da kaya kala ɗaya a ciki.

Bassam bai ɗago kai ba. Ya gaji, irin gajiyar da ko an kwana an wuni ana barci ba ta sakin mutum.

Sa gilashi ne sana'arsa. Rabin tagogin unguwar Basta shi ya mayar da su bayan fashewar da aka yi a tashar jiragen ruwa, amma abokan aikinsa ba su da abin tsokana sai shi. Wai ga mai gilashin da iska ke kaɗa labule a gidansa, rani da sanyi.

A wurin aikin ma ya samu Lamis, lokacin da ya je unguwar Karantina gyaran gidan mahaifinta. Ranar da aka yi fashewar, ita da ƙanwarta Dima sun ruga taga kallon hayaƙi, kamar yadda rabin mutanen Beirut suka yi. Tagar a rufe take. Lamis ta tashi da tabo daga kunne zuwa kafaɗa, Dima kuwa ba ta tashi ba. Daga baya aka riƙa cewa gidajen da tagoginsu ke buɗe gilashinsu bai tarwatse haka ba, maganar kuma ta shiga kan Lamis ta zauna daram.

Tun daga nan ba ta yarda a rufe taga, ba ta kuma zama ta juya mata baya. In babur ya yi ƙara a titi sai cokali ya kuɓuce mata. In janaretan unguwa ya canza murya, ita ce farkon ji. Gidan mutane in suka je, sai ta gama duba ƙofofi da ido kafin ta amsa gaisuwa. Bassam ya san duk wannan ya aure ta, don yana sonta, kuma a lokacin ya ɗauka so kaɗai zai isa.

Da ya ga bai isa ba, ya kai ta wurin likitar masu damuwa. Matar ta ce jikin Lamis kamar mai gadi ne da aka manta ba a sallame shi ba. Ta koya mata jan numfashi a hankali, da ambaton abin da idonta ke gani duk sanda tsoro ya taso, ta hana ta yawan gahawa. Ta ce ta riƙa rage buɗin tagar kaɗan-kaɗan, amma da hannunta, ba wanda zai tilasta mata. An kuwa fara ganin haske, don buɗin ya dawo bai fi tafin hannu ba.

Sai sanyi ya riga sauƙi isowa. Da shi kuma Umm Bassam, mahaifiyarsa, ta dawo gidan da zama, bayan ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti. An ja masa kunne kada iska ta taɓa ta. Tsohuwar ba ta taɓa cewa a rufe komai ba, tari kawai take yi cikin bargo, shi kuma kowane tari a zuciyarsa yake sauka. Yau da safe, Lamis ta fita sayen gurasa, ya ɗauko akwatin aikinsa ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya ya kafe su da kusoshi.

"Lamis, hasken idona, uwata ce fa," ya ce a gajiye. "Kin ji tarinta. So kike in binne ta saboda taga?"

"Ni na riga na binne ƙanwata saboda taga."

Ta ce tun da ta dawo ta ga kusoshin numfashinta bai sauka ƙasa ba, ba za ta iya kwana a gidan ba. Ya ce shi ma mutum ne, ba zai iya raba kansa biyu ba. Ta sa hannu a mariƙin ƙofa. Ya san in ta fita yau, dawowarta sai Allah.

A daidai nan hadarin da ya taso daga teku tun azahar ya saki tsawa. Gilasan gidan suka amsa gaba ɗaya.

Jakar ta faɗi. Lamis ta kare kai da hannuwa ta ruga lungun tsakiyar gidan, inda babu taga. Bassam ya bi ta da gudu, sai ya ja ya tsaya. Umm Bassam ta riga ta isa. Tana zaune a ƙasa, baya a jingine da bango, ƙaramar jakarta a kan cinya.

Ba yau ya fara ganinta a irin wannan wuri ba. Tun yana yaro a lungu take tsince waken adas, tana cewa wai nan ya fi haske, shi kuma da yake ɗa ne mai biyayya bai taɓa tambayar hasken da ke lungu ba.

Lamis na durƙushe tana kakkarwa, tana ƙoƙarin yin abin da likita ta koya mata.

"Bango... ƙwan fitila... takalmin Umma..." Ta tsaya, ta sake kallo. "Umma, me ya sa kike sa takalmi a cikin gida?"

"Saboda gilashi, 'yata. Ba a gudu a kansa ƙafa ba komai."

Tsohuwar ta jawo ta jikinta. Ta ce tun yaƙin da aka yi tana amarya take haka, a lungu irin wannan ta shayar da wannan ƙaton da ke tsaye a kansu. An gama yaƙi kowa ya koma barcinsa, ita ba wanda ya zo ya ce mata an gama. A zamaninsu kuma ba a zuwa wurin likita don irin wannan, sai dai a yaba a ce mace ce mai kula.

Duk tsawon rayuwarsa Bassam yana tare da matar nan, bai taɓa ganin abin da ke gaban idonsa ba. Kunya ta kama shi, da tausayi.

"Je ka cire kusoshinka," in ji tsohuwar.

"Umma, ƙirjinki..."

"Ƙirjina nawa ne. Kai gilashi ka iya, ba ka iya mata ba. Tashi."

Ya bi tagogin ya cire kusoshin. Da ya gama, Lamis ta miƙe ta je tagar falo ta buɗe. Ta daɗe tana shaƙar iskar ruwa. Sannan ta fara jawo ta a hankali, ta wuce inda ta saba tsayawa, har sai da buɗin ya rage kaurin yatsa. A nan ta tsaya, hawaye na bin tabon wuyanta.

Umm Bassam ta tako da tarinta, ta cire mayafin ulun da ke kafaɗarta, ta naɗe shi ta cusa a ɗan buɗin. Ta ce to, iska dai ba za ta shigo ba, taga kuma ba ta rufu ba, kowa ya samu nasa. Ta ƙara da cewa ranar da za a koma wurin likitar nan a tafi da ita, ta ji ko akwai maganin tsofaffin masu gadi.

Lamis ta ɗauki jakarta daga ƙasa ta mayar bayan ƙofa. Bassam bai taɓa zaton zai yi murnar ganin jakar nan a wurinta ba.

"Na gaji, Bassam," ta ce, ta kifa goshi a ƙirjinsa.

"Na sani, rabin raina. Ki yafe min."

Kafin la'asar barci ya ɗauke ta a lungun, kanta a kan cinyar surukarta, ruwa na ta dukan tagogi. Bassam ya durƙusa a gefensu, ya kama takalmin mahaifiyarsa zai cire mata don ta miƙe ƙafa.

Ta janye ƙafar a hankali, kada ta tashi yarinyar.

"Har yanzu ba ka koya ba?" ta ce ƙasa-ƙasa. "Bar shi. Ni zan cire da hannuna."