Alobera a Gidan Inna Tasalla

Can da, a wani gari, an yi wata mata mai karamci, Inna Tasalla. Wata rana ta sayo wata shuka mai kaurin ganye, alobera, a kasuwa, duk ta yanƙwane.

"Baƙo ba ya zama da ƙishi a gidana," in ji ta. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa. Shukar kuwa, don rashin godiya, sai ta fara ruɓewa.

Haushi ya sa Inna Tasalla ta kai shukar wurin maƙwabciyarta Kande, wadda take kira marowaciya. Kande ta yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, ta dasa a yashi, ta hana ta ruwa mako biyu. Sai ga sabon ganye!

Inna Tasalla ta zo dubiya da buta a hannu.

"Ajiye butar nan, Inna," in ji Kande. "Da ƙyar ta warke daga alherinki."