Kalmar da Tafinta Ya Ce Bai Sani Ba

Ƙura ba ta gama kwantawa ba Sufeto ya iso wurin fasa dutsen. An lulluɓe gawar shugaban leburori da tamfol. Nakiya ce ta tashi yana cikin ramin.

Mai danna nakiyar yana zaune a gefe. Ya rantse cewa ta rediyon oba-oba aka ce masa ya danna, kuma muryar tafintan wurin ce.

Injiniyan wurin baƙo ne, Turanci kaɗai yake ji. Ya riƙa dukan tebur yana cewa ya hango mutum a ramin, ya yi wa tafinta ihu cewa ya yi "revoke" na umarnin. Sufeto ya san kalmar: a soke, a janye izinin da aka bayar.

Tafinta bai yi gardama ba. Ya ce kalmar ce ta shige masa duhu, ya zaci maimaita umarnin ake yi.

"Shekara nawa kana fassara?"

"Ranka ya daɗe, Turanci faɗi gare shi."

Aka kama shi, daga baya aka ba da belinsa. Sufeto ya tafi gidan mamacin. Matar ta fito da hannu a ɗaure, gefen idonta a kumbure. Ta ce santsi ne ya kwashe ta. Wata maƙwabciya ta ja tsaki, ta ce mijin ne ya dake ta, kuma yayanta, wato tafintan nan, ya zo ya gani, ya fita ko sallama babu.

Washegari Sufeto ya kira tafinta ofis. Bai ko kalle shi ba, ya juya ya gaya wa saje da Turanci cewa a yi "revoke" na belin mutumin nan.

Tafinta ya miƙe zumbur. "A soke belina? A kan me?"



"Ashe ka san ta," in ji Sufeto.

Tafinta ya koma ya zauna, idonsa jawur. Ya ce ya sha kai ƙarar surukin nasa, ana ce masa a yi haƙuri. "Sai ya kashe mini ƙanwa za ku zo?"

Sufeto ya daki tebur. "Shi kuma wanda ka sa ya danna fa? Me ya yi maka da zai kwana da ran mutum a wuyansa?"

Tafinta ya miƙa hannuwansa. Saje ya sa masa ankwa, ya tasa ƙeyarsa.