Motar da Ta Kwanta a Hanyar Ɗanzomo

A garin Gumel akwai wani yaro ɗan aji biyu na sakandare. Idan an tashi daga makaranta, yakan wuce garejin kawunsa, Malam Cindo, ya koyi gyaran mota. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da saurin hannu. Aibinsa ɗaya ne. Idan ya kafe a kan magana, ko gari zai taru ba ya sauka.

Kawu Cindo yana da wata tsohuwar mota fara. Cikinta ya yi nisa da ƙasa, har abokan yaron suna kiranta raƙuma. Sunan yana ƙona masa rai, domin ya ga motocin birni a wayar abokinsa, suna tafiya kamar za su shafi kwalta.

Ran Laraba Kawu ya ɗaga motar, ya kwance sifirin guda huɗu. Sifirin shi ne naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya. Ya ce wa yaron ya wanke su da kananzir, shi zai je gaisuwar rasuwa ya dawo.

Ya kuma gaya masa cewa gobe da sassafe za su ɗauko Kaka A'i daga ƙauye, bayan Ɗanzomo. Yanar ido ta rufe mata gani shekara uku ke nan. Likitocin ido za su zo asibiti gobe, kuma yini ɗaya kaɗai za su yi.

Kawu na fita, yaron ya kwashi sifirin ya kai wa mai walda, ya ce a rage kowanne. Mai walda ya tambaye shi inci nawa. Yaron bai auna ba. Da yatsa ya nuna, aka yanke.

Da Kawu ya dawo, ya ɗauki guda ɗaya ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Kawu. Gyara na yi. Yanzu za ta fi kama hanya."

"Wace hanya?"

"Kowace hanya," in ji yaron.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya zagaya masu sayar da kayan mota, aka ce sai Juma'a za a kawo sabon sifirin daga Kano. Ya nemi motar haya, amma gobe Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, kowane direba ya riga ya yi alkawarin kaya. Kaka kuwa ba ta iya zama a kan babur. Dole aka mayar da yankakken sifirin. Kawu ya jefa guntayen tsohuwar taya a bayan mota, bai ce don me ba.

Da gari ya waye suka kama hanya. A tudun rage gudu na bakin gari, salansa, wato bututun hayaƙin motar, ta daki siminti, gwaf. Yaron ya ce waɗanda suka gina tudun ne suka cika shi da tsawo.

A kan kwalta motar ta riƙa karkata hagu. Kawu ya sassauta sitiyari kaɗan don yaron ya gani. Yaron ya ce iskar taya ce ta ragu. Kawu ya tsaya, suka gwada iska. Daidai take a duka huɗun.

Sai Kawu ya ba shi kara, ya ce ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman tayar gaba, hagu da dama. Hagu ta gaza dama da yatsa biyu.

"Ƙasar wurin ce ba daidai ba," in ji yaron.

Kawu ya juya motar ta fuskanci inda suka fito, ya ce ya sake aunawa. Hagu ta sake gazawa da yatsa biyu. Yaron ya jefar da karan ya shiga mota.

Can gaba, duk ramin da suka faɗa sai a ji ƙuuu, warin roba ya tashi. Kawu ya sake tsayawa, ya ɗora hannun yaron a gefen taya. Da zafi, kuma ƙarfe ya fara tsaga ta. Ya bayyana masa cewa taya tana bukatar wurin da za ta hau ta sauka, shi kuma ya yanke mata wurin.

"Ai dai muna tafiya," in ji yaron.

Bayan Ɗanzomo suka bar kwalta suka shiga hanyar rairayi. Ƙafafun amalanken shanu sun haƙa layi biyu masu zurfi, sun bar tudu a tsakiya mai ciyawa a kai. Shekara ashirin motar nan tana wucewa ta saman tudun. Yau ba su yi nisa ba, cikinta ya zauna a kai. Tayoyi suka riƙa juyawa suna watsa rairayi, mota ba gaba ba baya.

Yaron ya tura. Ya haƙa da hannu. Ya sake turawa har gumi ya jiƙa rigarsa. Ya ce rairayin bana ne ya yi yawa.

Kawu ya duba agogo. Ƙarfe tara da rabi. Ƙarfe sha biyu za a daina ba da kati a asibiti.

"To," ya ce, "sai ka roƙi rairayin ya kai kakarka."

Ya je ya zauna a inuwar aduwa.

Yaron ya tsaya shi kaɗai. Ya tuna Kaka tana zaune a ƙofar gida tun asuba, da mayafinta da ƙunshin kayanta, tana kasa kunne ta ji ƙarar mota. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa ƙarƙashi. Abin da ya hana motar tsallake tudun bai fi faɗin tafin hannu ba. Daidai abin da ya sa aka yanke.

Ya tashi ya tafi gindin aduwa, ya durƙusa.

"Kawu, ba rairayi ba ne. Ni ne."

"Na sani tun jiya," in ji Kawu. "Kai muke jira. Tashi, lokaci yana tafiya."

Yaron ya ruga zuwa ƙauye. Ya roƙi Dogo, maƙwabcin Kaka, ya ɗaura shanunsa a amalanke. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora Kaka, suka taho. Kafin su iso Kawu ya ɗaga motar da jak, ya cusa guntayen tayar nan a tsakanin naɗin sifirin, ya fi sawa a hagu. Ya ce wannan ba gyara ba ne, lallaɓawa ce ta yini ɗaya. Shanun Dogo suka ja motar da baya har ƙasa mai tauri.

Aka sa Kaka a mota, suka juya suka riƙa tafiya a hankali. Duk da haka kowane rami sai ya girgiza su.

"Maigidana," in ji Kaka, domin haka take kiran jikan nata, "wannan mota ce ko turmi? Dogo ya ce ka yanke mata ƙafa."

"Na yanke, Kaka. Ki yafe mini."

"Bari in fara ganin fuskarka tukuna."

Saura minti goma sha biyu a rufe suka isa. Kati uku ya rage, Kaka ta samu ɗaya. Da la'asar aka yi mata aiki a ido guda.

Washegari aka cire mata bandeji. Ta riƙa kallon bango, da taga, da hannuwanta. A shekara ukun nan akwai ƙawayenta da suka rasu ba ta sake ganinsu ba. Sai ta juyo ta dubi yaron daga sama har ƙasa.

"Ashe ka girma," ta ce. "Ga kunnuwa manya-manya, amma an ce ba sa ji."

Har ma'aikaciyar jinya sai da ta yi dariya. Yaron ma ya yi, yana share hawaye.

Ran Asabar shi da Kawu suka sa sabon sifirin. Kafin ya taɓa kowane ƙarfe, sai ya tambayi aikinsa.

Yara, kada ku rage abin da ba ku san dalilin tsawonsa ba. Idan kuwa kun yi kuskure, ku amsa shi da wuri. Da yaron nan ya ƙara minti goma sha biyu yana gardama, da kakarsa ba ta ga fuskarsa ba.