Fil Ɗin Agogon Hamajoda

Astajam mace ce da ba ta iya barin abu ya kwana a lalace ba. A duk layin masu gyaran agogo na kasuwar Garwa ita kaɗai ce mace, kuma mazan layin sun daɗe da daina tsokanarta, don bakinta ya fi hantsakinta tsini. Teburin sana'ar ta gada daga mahaifinta Hamajoda, tare da tsohon agogonsa mai sarƙar ƙarfe, wanda take ƙauna fiye da duk abin da ta mallaka.

Wata Talata, rana ta yi ja, tana tsakar gida tana wanke yakuwa, sai agogon ya sulɓe daga hannunta ya faɗi. Ta duba, ta ga fil ɗin da ke riƙe maɗaurin sarƙar, ɗan siririn ƙarfen nan mai sifirin a ciki, ya cinye har ya rabu biyu. Ta yi mamakin yadda ya riƙe tsawon shekarun nan. 'Yarta Dudu ta ce, "Dada, ki bari sai da safe mana, magariba ta yi."

"Magaribar ce za ta gyara mini?"

Ta ɗauko gwangwanin kayan aiki, ta zaɓi sabon fil, ta danne kansa da bakin 'yar wuƙa ta zura shi, ya ce ƙas. Ladan bai gama kiran salla ba dutse ya sauka a kan kwanon rufi. Sannan wani ya sake sauka, da wani, duwatsun kogi masu sulɓi, a jiƙe sharkaf, alhali daga gidan zuwa kogin Binuwai tafiya ce mai nisa.

Kwana uku ana haka, kullum da faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Astajam kuwa sai ta tattara duwatsun ta tokare randa da su. A rana ta huɗu Dudu tana tuƙa tuwo ta saki muciya, ta zauna a ƙasa, ta damƙe wuyan hannunta na hagu da yatsu biyu, ta ƙi saki, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Nan ne tsoro ya shigi Astajam, tsoro na gaske, ko da yake ba ta bari kowa ya gani ba. Ta tafi da ƙafarta ta kira Modibbo Njidda, tsohon malamin unguwar.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan buzu, ya yi ta karatu a hankali har inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Sai Dudu ta ɗago kai, murya ta fito daga bakinta, ta tsoho, a shaƙe kamar daga cikin tulu.

"Ya isa, Modibbo, kana ƙona ni. Ba da kai nake ba, da 'yar Hamajoda nake."

"Wane ne kai, me ka zo nema?" in ji Modibbo.

"Shekarar babbar ambaliya agogon ubanta ya faɗa kogi. Ni na tsamo shi, na shiga ciki na zauna. Fil ɗin nan ya daɗe da karyewa, da yatsuna nake riƙe da shi shekara talatin. Sau ɗaya na yi gyangyaɗi, ta cusa mini sabon ƙarfe ta ture ni waje, ko sannu babu. Sai dai ta cire shi, ta mayar da tsohon, in koma wurina, in saki yarinyar."

Astajam ta dubi 'yarta, leɓɓa a bushe, ido ya faɗa. Hannunta har ya kai kan gwangwanin, sai ta tsaya. Ta tambayi Modibbo ko in ta mayar da tsohon fil ɗin, shi ke nan aljanin ya fita harkarsu. Modibbo ya girgiza kai, ya ce zai zauna ne a hannunta, kuma duk ran da ransa ya ɓaci ya san hanyar Dudu.

"To ban cirewa," in ji ta. "Wa ya ɗauke ka aiki? Ka zauna a gidan mutane shekara talatin ba sallama, yanzu kai ne da fushi? Yau fil, gobe kuma ka ce in ba ka ɗakina."

"Ki yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko ƙwai ba ka samu."

Modibbo ya ɗaga murya da karatu, jikin Dudu ya hau rawa, muryar ta koma roƙo, daga baya ta yi sanyi.

"Zan tafi. Amma ki sani, 'yar Hamajoda, tun ranar kogi cikin agogon nan ya mutu. Ni nake juya shi, har yanzu da nake waje. In na haye ruwa, bugun da kike sa wa kunne in kin tuna ubanki ya ƙare."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, tana yin hakan in ba kowa. Kuma ba ta taɓa buɗe bayansa ba, saboda a sana'arsu ba a taɓa cikin agogon da ke tafiya daidai.

"Ubana yana kabarinsa, 'yata tana gabana. Kama hanya."

Dudu ta yi atishawa sau uku, yatsunta suka saki, ta kife a cinyar uwarta tana neman ruwa. Astajam ta ba ta, ta rungume ta, sannan ta kai agogon kunne. Shiru.

Da safe ta buɗe bayansa a kan tebur. Babu komai sai tsatsa da yashin kogi, haƙoran ƙafafun da ke juya shi duk sun zube. Ta yi kuka sosai, Dudu na tsaye a kanta tana shan kunu. Da ta gama ta share ido, ta saƙala gilashin aiki a ido.

"Dada, wannan ai ba ya gyaruwa."

"Wa ya gaya miki? Matsa, kin tare mini haske."