Lambun Kan Hanyar Ajingi

Wata Asabar da la'asar, Zulkiflu yana share ganyen mangwaro a bakin lambu, sai ga wata adaidaita sahu ta tsaya. Bai ɗago ba, don ya saba. Mutane kan tsaya su karanta allon da aka rubuta "Lambun Hutu", su leƙa, su wuce.

Marigayi babansa ne ya dasa lambun a bayan garin Gaya, kan hanyar Ajingi. Ya sa bencina, ya ɗaura lilo, ya haƙa tafkin kifi, har dawisu biyu ya sayo, wai baƙi za su riƙa zuwa shan iska. Baƙin ba su zo ba. Tun bayan rasuwarsa Zulkiflu ne ke buɗe ƙofar kullum da safe, ya wuni shi da tsuntsaye. Abokansa duk sun tafi Kano da Abuja neman aiki.

"Salamu alaikum. Malam, ana shiga?"

Ya ɗago. Wata budurwa ce baƙa, doguwa, ta yafa mayafi ruwan toka, tana kokawar sauke keken marasa lafiya daga bayan adaidaitar. A ciki wani dattijo na zaune, hannunsa na dama a kwance kan cinya ba ya motsi.

Zulkiflu ya jefar da tsintsiya ya nufe su. Shi ya ɗauki dattijon ya zaunar a keken, ya tura shi har gindin gwaiba kusa da tafki.

"Sunana Falmata, daga Ajingi muke," in ji ta. "Wannan babana ne, Malam Umara. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Likita ya ce a riƙa fita da shi yana ganin mutane."

Ta dubi lambun, ta ga ba kowa. Shi ma ya duba, kunya ta kama shi.

"Mutanen dai ni ne," ya ce. "Sai dawisu."

Ta yi dariya, ta yi saurin rufe baki da mayafi kamar wadda ta daɗe ba ta yi ba.

"Da jin sunan nan naki Barebari ne ku," ya ce.

"Kai kuma da ganin wannan dogon wuyan, Bafulatani ne."

"To, ashe bayina ne suka zo gaishe ni."

Malam Umara ya girgiza a kujerarsa. Falmata ta razana ta sunkuyo, sai ta ga dariya yake yi. Ta tsaya tana kallon babanta, hawaye suka cika mata ido. Zulkiflu ya kau da kai ya je ya tsinko musu gwaiba.

Daga ranar, Asabar ta zama tasu.

A hankali ya ji labarinta. Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare. Yayyenta maza biyu suna Legas, sai dai waya. Ƙawayenta duk sun yi aure, ita kuwa ko biki ba ta iya zuwa, don ba mai zama da Baba. Shi kuma Baban, direban bas ne a da, Ajingi zuwa Kano, ya san kowace hanya da kowane mai shayi. Yanzu sai kallon rufin ɗaki.

"Mutumin da ya saba yawo, lambu ɗaya ba zai ishe shi ba," in ji Zulkiflu wata rana.

Yana da tsohuwar adaidaita da yake kai kayan lambu kasuwa. Ya wanke ta, ya sa filo a baya, ya ɗaure keken a sama da igiya.

Farko ya kai su unguwar maƙera a cikin Gaya. Baba ya zauna yana kallon ƙarfe ja ana dukansa, zugazugi na huci, har ya ƙi yarda a tafi sai da aka gama ƙera fartanya. Ran kasuwar Ajingi suka kai shi tasha. Tsofaffin direbobi suka kewaye shi, wannan ya riƙe masa hannu, wancan ya tuna masa ranar da taya ta fashe musu a Wudil. Da kaka ta yi aka buɗe kokawa a Gafasa, suka je, Baba yana buga hannunsa mai lafiya a ƙarfen keke duk lokacin da aka ka da wani. Har tsallaka iyakar jiha suka yi zuwa Dutse, suka ga duwatsun nan da suka hau kan juna, suka sayo ɗanyen dabino.

A hanyar dawowa Baba ya yi barci. Falmata ta jingina kai da ƙarfen adaidaita tana kallon gonakin dawa.

"Ka san me, Ɗan Fillo? A yankin nan aka haife ni, amma ban taɓa sanin akwai abin kallo kusa da mu haka ba."

Ya dube ta ta madubi. "Ni kuwa na san duk wuraren nan tun ina yaro. Ban taɓa jin daɗinsu ba sai bana."

Ta sunkuyar da kai. Da ya isa gida ya tarar da saƙonta a waya:

"Mun gode, Allah ya saka da alheri. Baba ya ci tuwo sosai yau. Ni ma na ji abin da ka ce, ban dai san amsar da zan ba ka a gabansa ba ne."

Ya mayar mata: "Babarbariyata, Baba barci yake, ba ki da hujja. Ina son ki. In kin yarda, zan turo manya."

Sai da aka yi sallar magariba amsa ta zo: "Na yarda. Amma ka sani, duk inda zan je da Baba zan je."

"Shi na fara ɗauka kafin na san sunanki," ya rubuta.

Da ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Hanne, sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Yarinyar da za ta zo da uba a kwance? Zulkiflu, aure za ka yi ko jinya?"

"Inna, ba ki san ta ba ne."

"Na san jinya. Ban yarda ba."

Ba ta tsaya nan ba. Wata maƙwabciya da ke da 'yan uwa a Ajingi ta kai maganar har kunnen Falmata, da ƙari a kai.

A can gidansu ma ba a zauna lafiya ba. Kawu Maiwada, ƙanin Malam Umara, ya daɗe yana kawo mata maganar Muzammil, wani mai sayar da wayoyi a Kano, ɗan abokinsa.

"Mai gadin bishiyoyi za ki aura?" in ji Kawu. "Wurin da ko akuya ba ta shiga? Ga yaro mai abin yi yana bin ki."

Asabar ta zo, Zulkiflu ya share gindin gwaiba, ya jira har rana ta faɗi. Ba su zo ba. Ya kira ba ta ɗauka ba. Washegari saƙo ya shigo:

"Ka yi haƙuri. Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba. Ni tawa ta tafi, na san darajarta. Ka daina kira, don Allah."

Bayan 'yan kwanaki yana bakin titi yana jera kwandunan gwaiba, sai wata farar mota ta wuce ta nufi Kano. Ya hango mayafin nan ruwan toka a kujerar baya, wani saurayi mai tabarau na tuƙi. Ya tsaya da kwando a hannu har motar ta ɓace.

Bai sake kira ba. Kullum yana buɗe lambu, ya ba kifi abinci, ya zauna a benci shi kaɗai. Wani lokaci iska ta kaɗa lilo ya yi ƙara, ya waiga da sauri, ba kowa. Filon Baba yana nan a bayan adaidaita, ya kasa cirewa.

Abin da bai sani ba, asibiti aka kai Baba a motar, don tun da aka daina fita ya rage cin abinci, jikinsa ya yi rauni. A hanyar ne kuma Muzammil, mai motar, ya gama bayyana nufinsa.

"In mun yi aure sai a samo wanda zai zauna da shi a Ajingi," ya ce mata cikin sakin fuska, Baba na jin sa. "Gidan da na kama a bene yake. Ma riƙa leƙo shi da Sallah."

Falmata ta riƙe hannun babanta har suka isa.

Ita ma kwanakinta suka koma yadda suke a da. Wanki, magani, juya Baba, shiru. Ranar Asabar da la'asar Baba kan juya kai ya ƙura wa ƙofa ido. Sai ta shiga madafa ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

Inna Hanne kuwa tana kallon ɗanta yana ramewa. Ba ya musu da ita, ba ya ɓata rai, sai dai ya gaishe ta ya shige ɗaki. Wannan shirun ya fi damunta. Wata safiya ta yafa gyalenta, ta hau mota zuwa Ajingi ba ta gaya wa kowa ba. Niyyarta ta ga yarinyar da ido, ta roƙe ta ta gaya wa Zulkiflu ya cire rai gaba ɗaya.

Ta yi sallama ba a amsa ba, ta shiga. A tsakar gida ta tarar da Falmata ta rungumo babanta tana ƙoƙarin ɗora shi kan keke. Ƙafarsa ta zame, suka tafi za su faɗi tare. Inna ba ta san lokacin da ta yar da jaka ta tare keken ba.

"Ba haka ake yi ba, 'yata. Sa gwiwarki a gaban tasa. Yawwa. Ɗago shi da ƙugu, ba da baya ba, kar ki karya kanki."

Baba ya zauna daidai. Falmata na haki ta dubi baƙuwar.

"Ni ce uwar Zulkiflu."

Falmata ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta dubi hannuwan yarinyar da sabulu ya cinye, ta dubi zannuwan da ke shanye a igiya. Sai ta zauna a kan turmi.

"Babansa ma haka ya kwanta kafin ya rasu," ta ce a hankali. "Ni na yi jinyarsa. Zulkiflu yana makaranta. Dangi suka zo sati na farko, daga nan ba wanda ya sake leƙowa. Abin da nake guje wa ɗana ke nan." Ta share ido da gefen gyale. "Wa yake karɓar ki in kin gaji?"

"Ba kowa, Inna."

"Wancan mai motar fa da ake cewa?"

"Ba na son sa. Ya ce in bar Baba."

Inna ta dube ta.

"Ni na yi tawa ni kaɗai," ta ce. "Ke ba za ki yi taki ke kaɗai ba. Kira mini shi."

Falmata ta ɗauko waya ta rubuta: "Ɗan Fillo, Inna tana gidanmu. Ta ce ka zo."

Amsa ta dawo nan take: "Wace Innar? Falmata, kar ki yi mini wasa, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

"Taka. Ka zo, na yi kewarka."

Sauran aiki ya rage wajen Kawu Maiwada. Da manyan Zulkiflu suka je neman aure, Kawu ya fara kawo uzuri, wai ya riga ya yi wa wani alkawari. Malam Umara, da kowa ya ɗauka ba zai sa baki ba, ya buga hannu a tabarma. Ya yi ta kokawa da harshensa, gumi na tsatsafo masa, har maganar ta fito.

"'Yata ce. Na ba... Zulkiflu."

Kawu ya dubi yayansa, idonsa ya yi ja. "Shi ke nan, Yaya. Allah ya sa alheri ne."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Umara. Tsofaffin direbobi suka cika layi da bas-bas ɗinsu, su suka kai amarya Gaya suna ta oda. Yayyenta suka zo daga Legas. A motar da ke bayan ta amarya, Baba ne zaune cikin sabuwar babbar riga, don Inna ta sa an gyara masa ɗaki a gidan, an fasa dakali an yi gangare saboda kekensa.

Kwana biyu da tarewa, da rana, Inna ta sauke dambu. Falmata ta zuba na Baba ta ɗauki cokali. Zulkiflu ya karɓe kwanon daga hannunta.

"Je ki ci naki, amarya. Ni da surukina za mu ji da wannan."

Ta zauna kusa da Inna ta kai loma ɗaya, sai hawaye.

"Subhanallahi, me ya faru, masoyiya? Yaji ne?"

Ta girgiza kai tana murmushi. "Da zafinsa. Tun da Baba ya kwanta ban ci abinci da zafinsa ba."

Inna ta ƙara mata man gyaɗa, ta matso mata da kwanon. "Ci ki ƙoshi, 'yata. Akwai ƙari a tukunya."

Baba ya haɗiye lomar da ke bakinsa, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan Zulkiflu.

"Allah... ya yi muku... albarka."

"Amin, Baba," suka amsa gaba ɗaya.

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai jin ƙai.