Kumburarren Kumatun Aina'u

Kwana uku Aina'u ta yi tana kuka tana dukan kumatunta har ya kumbura, wayyo! Shekarunta sha huɗu, marainiyar uba, amma fahimtarta ta 'yar shekara huɗu ce, kalmomin bakinta ba su fi goma ba. Uwarta Safiyatu ta yi tofi, ta yi lallashi, ta rasa abin da ke cin 'yarta.

To, akwai Gwaggo Ikilima, ƙanwar marigayin. Tun da Malama Tahira ma'aikaciyar lafiya ta fara zuwa duba Aina'u duk wata, Ikilima ta daina barci. Ita da lafiyayyun 'ya'ya biyar ba wanda ya taɓa leƙo su, sai wannan! Ta tabbata kayan tallafi ake saukewa a ɗakin. Ta je ta sami babban wansu tana sharar ƙwalla.

"Yaya Hadi, dubi fuskar 'yar ƙaninka! Uwarta jibgarta take yi, tana cinye rabonta. A ba ni ita."

Malam Hadi ya ce gobe yarinya ta koma wajen gwaggonta. Safiyatu ta zube ƙasa. "Baba, wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba... Ita kaɗai gare ni! A kai ta asibiti tukuna, don Allah."

Washegari suka ɗunguma asibitin Ɗanbatta wajen Malama Tahira, har da Ikilima. Malama Tahira ba ta yi gaggawa ba. Ta zauna a tabarma, ta miƙa wa Aina'u 'yartsana. "Ƙawata, ina ke yi wa 'yarki ciwo?" Can yarinyar ta cusa yatsa a bakin 'yartsanar. Aka haska nata bakin... ruɓaɓɓen haƙori, ya tara ruwa!

"Malam, wannan ba duka ba ne. Ciwo ne ta kasa faɗa."

Ikilima ta yi wuf: "To kayan tallafin fa, wa za a riƙa ba?"

"Wane kaya, Hajiya? Dubawa kawai nake yi. Wanka da wanki da ci da ita duk uwarta ce."

"Au... ni fa ƙugu ke damuna, ba zan iya ba."

Malam Hadi ya dube ta. "Kada ƙafarki ta sake taka gidan Safiyatu, Ikilima." Ya juya, idonsa ya ciko. "Safiyatu, ki yafe mini."

Safiyatu ta fashe da kuka. Aina'u ce ta kama gefen mayafinta tana goge mata hawaye. "Inna... gida."