Ƙofar Da Mai Walda Ya Yi Wa Yayarsa

Mai Walda ya yarda da alkawarin ɗan fashi, shi da ya san halinsu ciki da waje. Daga nan komai ya lalace.

Shekara shida yana yi wa masu shaguna ƙofofin ƙarfe da keji, irin wanda mai shago ke zama a ciki yana miƙo kaya ta 'yar taga. Aikinsa a ido ba shi da makusa. Ka jijjiga, ka doka, ko gezau. Amma a kowane keji yana barin gefe ɗaya mara ƙarfi. Sanduna uku, ɗigon walda ɗaya-ɗaya, ya cike wajen da abin da masu gyaran mota ke toshe rami da shi, ya goge, ya bi da fenti. Duka ɗaya da ƙafa gefen ya zube. Bayan wata biyar ko shida sai ya raɗa wa Manaja, shugaban gungun 'yan fashi: shago kaza, gefen hagu, daga ƙasa. Shi ba ya riƙe bindiga, ba ya fita aiki. Kasonsa har rumfarsa yake iske shi. Washegarin fashin kuma mai shagon ya zo ido jajir yana roƙon a gyara masa, a ƙara ƙarfi. Mai Walda ya girgiza kai ya ce, "Mutanen nan ba sa tsoron Allah."

Ana haka yayarsa ta buɗe shagon waya da tura kuɗi. Ita ta riƙe shi tun rasuwar uwarsu, ita ta kai shi koyon walda da ya gudu daga makaranta. Wannan karon ya yi aikin gaskiya. Ƙofar waje farantin ƙarfe biyu ya haɗa, mai saukowa daga sama. Keji rodi mai kauri, walda zagaye. Kantar da take zama a baya ya lulluɓe ta da ƙarfe. A ƙarƙashin kantar ya sa feda: ta taka, ƙofar waje ta faɗo ta kulle kanta. Mabuɗinta kuma yana can sama a cikin kejin.

"Auta, waya zan sayar ko zinari?" in ji Yaya, tana kallon ƙarafan.

"Ke dai, Yaya, da kin ga fuskar da ba ki yarda da ita ba a bakin titi, ki taka. Kafin su shigo. Kin ji? Kafin!"

"Na ji, Injiniya. In na kulle mai saye a waje kai za ka ciyar da ni."

Bayan sati uku Manaja ya zo rumfarsa da la'asar, ya zauna a kan tukunyar gas. Mutum ne mai tsabta, kullum da farar riga, kamar ma'aikacin banki. A bayansa Kwalba, siririn nan mai jan ido da ba ya rabuwa da maganin tari.

"Sabon shagon nan na kan kwana," in ji Manaja. "Na ga hannunka. Wane gefe?"

"Babu gefe. Na yayata ne."

"Ai na san na yayarka ne. Wane gefe?"

"Manaja, na ce babu. Uwata ce wannan. Duk garin nan na ba ka, ka bar mini wannan ɗaya."

Kwalba ya fashe da dariya. "Baba, yau kuma wa'azi ake yi?"

"Rufe mana baki," in ji Manaja. Ya miƙa wa Mai Walda hannu. "Shi ke nan. Yayarka yayata ce. Wallahi ba mai taɓa ta."

Mai Walda ya karɓi hannun. Har ruwa ya saya musu.

Suna shiga mota Manaja ya juya wajen Kwalba. "Ka ji ɗan rainin hankali? Shekara shida bai taɓa yin aikin Allah ba, sai yau? Ya bar gefe. Wa kansa ya bari, yana so ya ci shi kaɗai. Hagu ne, daga ƙasa, kamar kullum."

Ranar Talata da safe aka kira Mai Walda aikin ƙofar gida a can ƙarshen gari. Wanda ya kira ya ce a zo da gaggawa. Ya ɗora injinsa da tukunyar gas a babur mai ƙafa uku ya tafi. Ya isa ya tarar da fili, ba gida, ba mai gida. Lambar kuma a kashe. Bai gane ba tukuna.

Sha ɗaya da kwata mota ta tsaya a kan kwana. Mutum biyu suka fito da hular sanyi a rana tsaka. Yaya tana duƙe tana sa wa sabuwar waya gilas. Ta ɗago, sun riga sun shigo.

"Kar ki motsa!"

Manaja ya fasa akwatin gilas da ke wajen keji da gindin bindiga, yana zuba wayoyi a jaka. Kwalba ya nufi gefen hagu ya ɗaga ƙafa. Duka ɗaya! Ƙarfe ya amsa. Na biyu! Na uku! Ya riƙe ƙafarsa yana tsalle.

"Oga, ba ya faɗuwa!"

"Ƙasa, jaki! Daga ƙasa!"

"Wallahi ƙasan nake duka!"

Yaya ta laluba da ƙafa, ta taka.

Ƙarar da ta taso daga sama Manaja ya fara ji. Bai jira Kwalba ba. Ya cilla jakar waje, ya bi ta da rarrafe — ƙofar ta faɗo bayan dunduniyarsa, garam! Shagon ya yi duhu. Kwalba ya firgita, ya saki harsashi biyu ta cikin rodin. Ɗaya ya sami bango. Ɗaya ya sami Yaya a cinya, kafin ta gama faɗawa bayan kantar.

"Oga! Oga, buɗe!"

Ƙarar mota kawai ya ji tana nisa.

Mai Walda yana hanyar dawowa wayarsa ta yi ƙara. Mai kemis ne, maƙwabcin shagon Yaya. "Kana ina? 'Yan fashi! Ɗaya yana kulle a ciki tare da ita, ya harbe ta! 'Yan sanda sun ce a nemo wanda ya yi ƙofar!"

Bai gama ajiye wayar ba wani kiran ya shigo. Manaja.

"Ka ji abin da ya faru."

"Ka rantse mini, Manaja! Hannu ka ba ni!"

"Bar wannan maganar. Kwalba yana ciki. In ya fito da rai, bakinsa ba ya riƙe ruwa, ni da kai mun tafi. Ka ce gas ɗinka ya ƙare. Ka ja lokaci. Yaron ba shi da haƙuri, zai yi ta harbi har su gama da shi."

"Yayata tana zubar da jini!"

"To sai me? Kai ka yi ƙofar, ba ni ba. Da ka gaya mini gefen da tuni muna gida."

Ƙit. Ya kashe.

"Ƙara wuta!" Mai Walda ya daka wa mai babur tsawa.

Titin ya cika maƙil. Motar 'yan sanda biyu, motar asibiti ɗaya. Wani Sufeto mai furfura a gemu ya tare shi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mun sa guduma, mun sa ƙarfen ɓalle, kamar muna dukan dutse. Yaya ake buɗe ta?"

"Daga ciki ne. Mabuɗin yana sama a cikin keji. Sai ta miƙe tsaye."

"In ta miƙe zai harbe ta. Kuma ba za ta iya ba. Minti nawa za ka yanka?"

Mai Walda ya kalli ƙofar. Ya san kaurinta, shi ya zaɓi ƙarfen da hannunsa, har da rigima da mai sayarwa. Ya kalli tukunyar gas ɗinsa. Magana ɗaya ce: gas ya ƙare. Ba wanda zai ɗaga tukunya ya auna. Sai ya ji wani nishi daga ciki, can ƙasa-ƙasa. Ya san muryar.

"Rabin awa," ya ce. "Ku matsa."

Ya kunna wuta. Tartsatsi ya fara tashi. Ƙarfen ya yi ja, ya ƙi narkewa da wuri. Gumi yana shiga masa ido, bai goge ba. Ya kara bakinsa jikin ƙofar.

"Yaya! Ni ne! Ki ɗaure cinyar da ɗankwalinki, ki matse! Kar ki ɗago kai!"

Sannan wata murya ta taso daga ciki, ba tata ba.

"Mai Walda? Kai ne? Shege! Ɗan iska! Ina gefen?"

Wutar Mai Walda ta kauce daga layi.

"Manaja ya ce hagu daga ƙasa! Na karya ƙafata a banza! Ka canza gefe ba ka gaya mana ba, ko? Kana so ka ci kai kaɗai! Na kemis ka gaya mana, na mai taya ka gaya mana, wannan ne za ka yi mana wayo?"

Hayaniyar titin ta mutu. Mai kemis, wanda ya kira shi a waya, yana tsaye taku uku a bayansa da robar ruwa da ya kawo masa. Bara aka yi masa fashi, aka fasa masa haƙarƙari biyu. Robar ta suɓuce daga hannunsa.

Sufeto ya matso a hankali. "Ya san ka."

"Ya san ni."

"Gaskiya yake faɗa?"

"Ranka ya daɗe, ka bar ni in gama. In na gama ka yi yadda kake so."

Sufeto ya dube shi, ya dubi ƙofar. Ya yi wa ɗan sanda ɗaya alama ya tsaya a kansa. Ya juya ga jama'ar da suka fara tsinto duwatsu. "Duk wanda ya taɓa shi kafin ƙofar nan ta buɗe, da ni zai yi!"

Farantin farko ya faɗi. Saura na biyu. Minti arba'in suka tafi, ba talatin ba. Safar hannunsa ta ƙone, fatar yatsunsa ta tashi, bai saki ba. Da murabba'in ƙarfen ya faɗa ciki, Sufeto ya kwanta a gefe ya yi magana.

"Kai na ciki! Ogan naka ya gudu da kaya ya bar ka. Harsashi nawa ya rage maka? Turo bindigar."

An ɗan jima. Bindigar ta fito tana jan ƙasa. Kwalba ya biyo ta da rarrafe, yana kuka da majina, yana zagin Manaja har kakanninsa.

Saura keji. Mai Walda ya shiga da wutarsa. Jini ya malalo ta ƙarƙashin kanta har tsakiyar shago. Rodi huɗu ya yanka, kowanne waldar zagaye, kowanne sai da ya ci lokacinsa. Da ya kutsa ciki ya tarar da ita a kwance, ɗankwalin a ɗaure a cinya, leɓɓanta sun yi fari. Idonta biyu. Ta ji komai.

"Yaya..."

Ya kai hannu zai ɗaga ta. Ta janye kafaɗarta da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Kar ka taɓa ni."

"Wallahi naki ban bar komai ba! Wallahi, Yaya! Roƙonsu na yi!"

"Ku kira wani ya ɗauke ni," ta ce wa Sufeto.

Ma'aikatan asibiti suka fita da ita. Ankwa ta shiga hannun Mai Walda tun wutar ba ta huce ba. Da ƙyar aka kai shi mota, dutse ɗaya ya same shi a ƙeya.

Kafin sati ya zagayo, masu shaguna goma sha ɗaya sun kankare fentin kejinsu sun ga abin da ke ƙasa. Wasu an riga an yi musu fashi, wasu suna kan layi ba su sani ba. Kwalba ya faɗi duk abin da ya sani, shi ma Mai Walda bai ɓoye komai ba. Amma da aka je gidan Manaja, ko tabarma babu. Har yau ba a gan shi ba.

Sufeto mutum ne mai son ya tabbatar. Ya kawo wani mai walda daga nesa, suka bi kejin Yaya sanda bayan sanda da guduma. Ba gefe. Ya je asibiti da kansa ya tsaya a gefen gadonta.

"Baiwar Allah, na ga ya kamata ki sani. A naki bai yi ha'inci ba. Aikin gaskiya ya yi miki."

Ta juyar da fuska bango. "To na mai kemis fa? Duk safiya sai na gaishe shi. Da aka fasa masa haƙarƙari ni na kai masa abinci asibiti, Auta ne ya riƙe mini kwanon."

Sufeto ya sa hularsa ya fita.

Alƙali ya ba Kwalba shekara ashirin da ɗaya, ya ba Mai Walda sha huɗu. Ranar hukuncin ya yi ta waige a kotu, bai ga kowa nasa ba.

Yaya ba ta sake buɗe shagon ba. Ko da ta so, ba mai shiga shagon yayar ɓarawo, wasu ma cewa suke da ita aka haɗa baki. Likita ya ce ɗaurin ɗankwalin ya daɗe da yawa, jini ya yanke wa ƙafar tun tana kwance a kejin. Likitoci sun yi kwana tara suna fama. A na goma suka yanke ƙafar daga saman gwiwa.